Fure namiji ne, to me ya sa ake ce wa budurwa "ke fure ce"?

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina koyar da Hausa a aji shida na firamare, kuma a makon jiya na sa ɗalibaina su rubuta jimloli biyar a kan itatuwan da ke harabar makarantarmu. Wata yarinya mai ƙoƙari ta rubuta cewa, "Furen darbejiya ta faɗo a kan tagar ajinmu, kuma fara ce mai ƙamshi." Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin "ta faɗo" da "fara ce", na rubuta mata "ya faɗo" da "fari ne". Washegari ta same ni a teburina, ta durƙusa ta ce ita ta ji yayarta tana karanta wasu baitoci inda aka ce wa budurwa "ke fure ce", shi ya sa ta ɗauka kalmar tamace ce. Na tabbatar mata cewa gyarana daidai ne, amma hujjarta ta tsaya mini a rai, domin ni kaina ba zan iya duban mace in ce mata "ke fure ne" ba. Ina roƙon waɗanda suka fi ni zurfi a nahawu su warware mini wannan, don kada in koma aji da bayani rabi da rabi.

Tsohon Malami, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malama. Gyaranki yana kan hanya. Fure suna ne, tilo, namiji, kuma ba sai an buɗe ƙamus ba kafin a tabbatar da haka, domin kalmomin da ke kewaye da shi su ne shaidunsa. Muna cewa wani fure, ba wata fure ba. Muna cewa furen nan, wancan fure, ɗan ƙaramin fure. A Hausa yawancin sunaye na tamata da wasalin "a" suke ƙarewa, kamar yakuwa, kuɓewa, tumfafiya, auduga da gyaɗa, waɗanda kuma suka ƙare da wani wasalin galibi maza ne, kamar lalle, zogale, bado da rimi. Fure ya ƙare da "e", don haka yana cikin sahun na biyu. Na ce galibi ne domin akwai irin su ruwa, gida, nama da suna da suka ƙare da "a" alhali maza ne.

Ina kyautata zaton ba baitocin yayarta kaɗai suka ja ɗalibarki ba. Dubi jimlar da kyau: kalmar da ke gab da zagin aikatau, wato "ta" ko "ya" ɗin da ke zuwa kafin "faɗo", ita ce darbejiya, wadda tamace ce, sai kunnen yarinyar ya bi makusanciya ya ce "ta". Na shekara talatin ina ganin wannan a takardun jarrabawa. Abin da ya kamata yara su gane shi ne, a cikin "furen darbejiya" fure ne shugaba, darbejiya kuwa bayani take ƙarawa a kansa, kuma shugaba ake bi. Ki gwada musu da wannan: itaciyar nan guda ce, amma idan kin kira ta darbejiya za ki ce "ta yi fure", idan kin kira ta dogon yaro za ki ce "ya yi fure", furenta kuwa ko da wane suna kika jingina shi "ya faɗo" ne.

Malamar Aji Shida:
Na gode, Baba, misalin dogon yaro zai shiga kan yara nan take. Saura batun "ke fure ce", wanda shi ne ya fi daure mini kai.

Ɗalibin Nahawu, Kano:
Malama, da izinin Baba zan ɗora a kan abin da ya faɗa. Kalmomin nan "ne" da "ce" su ne ake kira dirka, kuma idan jimla ta ƙunshi suna guda babu wata matsala: fure ne, yakuwa ce, furanni ne. Rikici yana tasowa ne idan aka haɗa abubuwa biyu masu jinsi daban aka ce wannan shi ne wancan. A irin wannan hali dirka takan bi wanda ake magana a kansa, ba abin da aka kamanta shi da shi ba. Shi ya sa muke jin "aure ibada ne" a bakin mutane kullum, ko da yake ibada tamace ce, domin a kan aure ake magana. Haka nan "ke fure ce" ya bi "ke", bai bi fure ba. Jimlar ba ta mayar da fure tamace ba, kamar yadda "ita ginshiƙin gidan ce" bai mayar da ginshiƙi tamace ba.

Mai Fassara:
Ɗan'uwa, ban yarda a kafa wannan a matsayin doka mai tsauri ba. Sunayen garuruwa duk tamata ne, muna cewa Kano ta cika, Katsina ta yi nisa, amma wa ya taɓa jin an tuhumi wanda ya ce "Kano babban gari ne"? A nan dirka ta bi gari, ta bar Kano. Kuma ni da kunnena na sha jin malamai a kan mumbari suna cewa "aure ibada ce". Idan aka koya wa yara cewa dole dirka ta bi na farko, gobe za su ja jan biro a kan Hausar iyayensu.

Ɗalibin Nahawu, Kano:
Gaskiyarka, Malam, shi ya sa na ce "takan bi", ban ce "dole ta bi" ba. Amma ka lura da bambanci guda. Inda aka sami sassauci, kamar Kano da aure, abubuwa ne marasa rai, waɗanda jinsinsu na nahawu ne kawai. Da zarar wanda ake magana a kansa mutum ne, musamman idan da wakilin suna aka ambace shi, irin su ke, ita, kai da shi, to jinsinsa na halitta yakan rinjayi komai. Babu Bakanen da zai ce wa 'yarsa "ke fure ne", kuma babu wanda zai ce wa ɗansa "kai fitila ce". Wannan ne ya sa kunnen Malama ya ƙi jimlar tun kafin ta san dalili.

Mai Fassara:
A kan mutum na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma tunda an taɓo maganar, bari in kawo abin da ni yake damuna a wurin aiki, wanda kuma nake ganin yana da hannu a kuskuren yarinyar nan. Yaran birni yanzu "fulawa" suka fi ji, ba fure ba. Fulawa kuwa ta ƙare da "a", don haka da Hausa ta aro ta daga Turanci sai ta sa ta cikin tamata: wata fulawa, fulawar nan, farar fulawa, 'yar ƙaramar fulawa. Yaron da ya tashi da fulawa a bakinsa, ranar da aka ce ya rubuta fure sai ya ɗauko jinsin waccan ya ɗora wa wannan. Ga kuma wata matsalar, kalmar ta zo ɗaya da fulawar da ake yin burodi da fanke da ita. Ra'ayina shi ne a rubutu a yi watsi da fulawa a ma'anar tsiro gaba ɗaya, tunda muna da tamu kalmar ta asali.

Manomi daga Kura:
Malam Mai Fassara, ka yi haƙuri, ni ba malamin makaranta ba ne, noman rani nake yi, amma a nan ina da ta cewa. Fure da fulawa ba abu ɗaya ba ne a wurinmu, ko kusa. Ƙanena yana sayar da fulawa a bakin titi a Kano, yana jera ta cikin baƙaƙen ledoji yana ba ta ruwa safe da yamma, kuma rabin abin da yake sayarwa ganye ne zalla, bai taɓa fitar da fure ba, amma sunansa fulawa. Wadda ake dasawa a jikin katanga ana aske ta da almakashi ita ma fulawa ce. Har ta roba da ake ajiyewa a kan tebur a ɗakin amarya fulawa ce. Fulawa ita ce shukar gaba ɗayanta, wadda aka ajiye don ado, ana dasa ta, ana sayen ta, ana ba ta ruwa.

Fure kuwa mataki ne a rayuwar shuka. Idan na shiga gonar tumatir da sassafe na ga ya fara fure, lissafin kwanakin da suka rage kafin kwando ya cika nake yi. Idan zafi ya tsananta ya zubar da furen, to asara ce ta same ni, ba ado na rasa ba. Gyaɗa takan yi ɗan furenta mai ruwan ɗorawa, idan ya bushe sai wani ɗan tsinke ya fito daga wurin ya sunkuya ya shige ƙasa, a can ƙwayar take ƙulluwa. Furen auduga yakan buɗe da safe fari-fari, kafin washegari ya rikiɗe ya yi ja-ja, sa'an nan ya faɗi. Ban taɓa jin manomi ya ce auduga ta yi fulawa ba, kuma ban taɓa jin mai gida ya aiki yaro ya ba fure ruwa ba.

Tsohon Malami, Zariya:
Allah ya yi maka albarka, Malam manomi. Abin da ka faɗa yana da tushe a nahawu, kuma ya fito a yadda kalmomin biyu suke yin jam'i. Jam'in fure shi ne furanni, a kan awon wata da watanni, manzo da manzanni, kaka da kakanni. Jam'in fulawa kuwa fulawoyi, a kan awon da kalmomin aro suka fi bi, wato mota da motoci, tasha da tashoshi. Kada a yi mamakin "y" ɗin, domin "w" takan koma "y" a gaban wasalin "i", kamar yadda kasuwa ta ba da kasuwoyi, unguwa ta ba da unguwoyi. Fulawar burodi kuma ba ta da jam'i, tunda aunawa ake yi ba ƙirgawa ba, saboda haka jimla da kanta takan raba gardamar da Malam Mai Fassara yake tsoro: wanda ya ce buhun fulawa da wanda ya ce tukunyar fulawa a bakin ƙofa kowa ya san inda ya dosa.

Amma abin da na fi so a lura da shi shi ne wannan. Mangwaro guda a lokacin hunturu yakan ɗauki fure dubbai, duk da haka Bahaushe cewa yake "mangwaro ya yi fure", ba ya cewa "ya yi furanni". Tilon ya wadatar, kamar yadda muke cewa itace ya yi ganye ko ƙasa ta yi ciyawa. Furanni yana zuwa ne idan ana nufin iri daban-daban, ko kuma waɗanda aka tsinko aka ƙirga. A rubuce-rubucen da ake juyowa daga wasu harsuna ne nake yawan cin karo da "bishiyar ta fitar da furanni masu yawa", kuma duk lokacin da na karanta sai in ji jimlar ba ta zauna ba.

Mai Fassara:
Baba, wannan ta same ni, domin na sha rubuta irin wannan jimla. Na janye batun korar fulawa, amma ina nan a kan cewa kada a bari ta shiga gona ta ƙwace wurin fure.

Inna daga Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari, ƴaƴana. Mu a nan "hure" muke cewa, kamar yadda muke cewa hura, huska da hushi inda mutanen Kano suke cewa fura, fuska da fushi, amma jinsinsa bai sauya ba, namiji ne a wurinmu ma. Akwai wata ma'ana da ban ga kun ambata ba, wadda ita ce ta farko da na sani ina yarinya. A gidanmu idan aka ce hure kawai, ba a jingina shi da komai ba, to na taba ake nufi. Kakata takan aike ni wurin mai tallarsa, a ƙunso mini shi a ganye, ita kuma ta zauna a kan tabarma bayan la'asar ta tauna goro, sa'an nan ta ɗauki huren ɗaya bayan ɗaya tana goga wa haƙoranta har su yi ja. Ana ce wa wannan cin hure, kuma ado ne na matan wancan zamani. Abin da ya sa na kawo shi shi ne, ko guda ashirin ne a cikin ƙunshin, ba a taɓa cewa a sayo huranni ba, hure dai ake cewa, daidai da abin da Malam na Zariya ya bayyana.

Ɗalibin Nahawu, Kano:
Inna, mun gode, wannan shaida ce mai ƙarfi. Malama, tunda a aji shida ana koyar da azuzuwan kalmomi, bari in koma ga rabin jimlar ɗalibarki na biyu, wato "fari ne mai ƙamshi", domin akwai tarko a ciki. Fari sifa ce ta ainihi, tana sauyawa da jinsi da adadi: farin fure, farar fulawa, fararen furanni. Ja ba ta sauya siffarta tsakanin namiji da tamace, sai dai mahaɗin da ke manne da ita ya tona asiri: jan fure, jar fulawa, jajayen furanni. Kyakkyawa ma haka take, ta ƙare da "a" amma tana hawa kan kowane jinsi, a ce kyakkyawan fure, kyakkyawar fulawa, kyawawan furanni. Akwai kuma waɗanda aka ƙera daga aikatau, kamar busasshen fure, busasshiyar fulawa, busassun furanni.

Ƙamshi kuwa ba sifa ba ne, suna ne, ko da yake yara da yawa a sahun sifa suke sa shi. Hujja ita ce ba a cewa "fure ƙamshi ne" da nufin siffanta shi, sai an nemo "mai" ko "da": fure mai ƙamshi, furanni masu ƙamshi, furen yana da ƙamshi, fure maras ƙamshi. Kuma ana iya jingina shi kamar kowane suna, a ce ƙamshin lalle ya cika gida. Ruwan ɗorawa ma sunaye biyu ne aka haɗa, launin garin da ke cikin 'ya'yan ɗorawa ake nufi. Rawaya asalinta sunan wani tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa, wanda furensa yakan fito dab da ƙasa da rani bayan an ƙone daji. Su kuma "wur" a cikin ja wur, "fat" a cikin fari fat da "shar" a cikin kore shar, amsa-kama ne, kowace da launin da take bi, ba a musanya su.

Manomi daga Kura:
To malamai, ga tambaya daga gona. Kabewa tana yin fure iri biyu a jikin yaɗo guda. Ɗaya yana kan dogon siririn tsinke, yakan buɗe ya bushe ya faɗi bai bar komai ba. Ɗayan yana da 'yar gunda a gindinsa tun kafin ya buɗe, kuma idan ƙudan zuma ya ziyarce shi gundar ce take girma ta zama kabewa. Muna kiran na farko namiji, na biyu mace. Haka gwanda, akwai namijin gwanda wanda sai dai ya yi ta fure ba ya 'ya'ya. Idan fure namiji ne a nahawu, yaya zan faɗi macensa?

Tsohon Malami, Zariya:
Ka riga ka faɗa daidai da bakinka. Dokar shugaba ce ta sake dawowa. A cikin "namijin gwanda" namiji ne shugaba, shi ya sa ka ce "ba ya 'ya'ya" alhali gwanda tamace ce. A cikin "macen furen kabewa" mace ce shugaba, don haka za ka ce "ta ɗauki gunda". Idan kuma ka fara da fure ka ce "furen da ke da gunda", sai ka koma "ya buɗe". Ka kuma lura cewa "macen" muka ce da "n", domin mahaɗin "r" sai tamacen da ta ƙare da "a" yake hawa. Shi ya sa muke cewa gwamnati ta ce, amma gwamnatin jiha.

Bazango, Kumasi:
Gaisuwa ga iyaye da malamai. Ina bin wannan bayani da sha'awa, domin mu a Zango a Hausarmu ta yau da kullum ba mu cika raba namiji da tamace a kan abubuwa ba, "ya" da "ne" da "n" sun ɗauke kusan komai. Sai da na fara karanta littattafan da ake bugawa a Kano da Zariya na gane cewa yakuwa "ta" ce, zoɓo kuma "ya" ne, alhali daga jikin shuka guda suke.

Tsohon Malami, Zariya:
Ɗana, ba ku kaɗai ba ne. Mu ma a ƙasar Zazzau, da mutanen Bauchi, za ka ji ana cewa "rigan Audu" a maimakon "rigar Audu". Wannan karin harshe ne, ba lalacewa ba ce, sai dai a aji daidaitacciyar Hausa ake koyarwa, wadda aka gina a kan Kananci, ita kuma tana riƙe da jinsi sosai. Game da zoɓo, jan abin da ake jiƙawa ba shi ne ainihin furen yakuwa ba. Furen fari-fari ne mai jan ido a tsakiya, yakan buɗe da safe ya yanƙwane a ranar, sai ƙoƙon da ke riƙe da shi ya yi kauri ya yi ja, shi ake ɓarewa a shanya, shi ne kuma ake cika buhuna da shi a kasuwar Maigatari. Kanumfari kuwa akasin haka ne, fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba aka busar.

Malamar Aji Shida:
Baba, "aka tsinke" da ka rubuta ya tuna mini da wani abu. A cikin aikin gidan nan wani yaro ya rubuta "na tsinka fure", na mayar masa "na tsinki fure". Wani kuma ya tambaye ni aikatau ɗin da ke cikin "wake ya yi fure", ya ce shi yana ganin fure ne aikin, tunda shi ne abin da ya faru.

Ɗalibin Nahawu, Kano:
Duka biyun tambayoyi ne masu kyau, Malama. A jimlar wake, aikatau shi ne "yi", fure kuma yana nan a matsayinsa na suna. Hausa ba ta da aikatau guda da aka ƙera daga fure, sai ta ɗauko "yi" ta haɗa, kamar yadda take yi a yi barci, yi magana, yi ganye. Manoma suna da wasu sunayen da ke shiga wannan gurbi: wake ya yi huda, gero ya yi bununi, masara ta yi goyo, kabewa ta yi gunda. A kula da rubutun huda, kada a sa mata ƙugiya, domin huɗa da ƙugiya ita ce ta garma.

Tsinka kuwa, a ma'anar cire fure ko 'ya'yan itace, tana cikin aji na biyu a tsarin azuzuwan aikatau bakwai da masanin nahawun Hausa F. W. Parsons ya fitar a 1960. Aikatan wannan aji suna sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo baya: na tsinki fure idan suna ne, na tsinke shi idan wakilin suna ne, furen da na tsinka idan babu komai a gaba. Daidai suke da na sayi goro, na saye shi, goron da na saya. Idan yaron ya kawo furen gida ne, sai ya ce na tsinko. Idan kuma furen ya rabu da reshe da kansa, ya tsinke ke nan, wanda a rubuce ya yi kama da na "na tsinke shi" amma karin sautinsu ya bambanta. Buɗe ma tana da nata: furen ya buɗe aiki ne da ya auku, yana buɗewa aiki ne da ke gudana, a buɗe yake hali ne da ake ciki, idan kuma suna da yawa sai a ce sun bubbuɗe.

Malamar Aji Shida:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jan layin da na yi a littafin yarinyar zai zauna, amma zan kira ta in gaya mata cewa abin da ta ji a bakin yayarta ma Hausa ce ingantacciya, in nuna mata cewa "ce" ɗin budurwar take bi. Darbejiyar da ke bakin tagar tamu tana cikin fure yanzu, don haka ranar Litinin zan sa a tsinko mini reshe guda, in aro tukunyar fulawar da ke ofishin shugaban makaranta, in ajiye su gefe da gefe a kan tebur, kowane yaro ya taso ya siffanta su da "fari" da "mai ƙamshi". Malam manomi, idan ba damuwa ka ɗauko mana hoton furen kabewa na namiji da na mace, yadda gundar za ta fito sosai, domin yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin yaɗon kabewa ba.

Manomi daga Kura:
Ba damuwa, Malama. Sai dai ki jira zuwa gobe, domin furen kabewa da sassafe yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. In Allah ya kai mu, da na idar da sallar asuba zan leƙa fadama in ɗauko.